Ranar Uwaye a Tsakiyar Teku

Mombasa, 5 ga Mayu, 1988

Zuwa ga Yaya Kubura, a Tsarnawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Sanusi da yara. Yaya azumi, yaya zafi? Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ina neman albarkarta. Yarinyar nan ta wajenki kuma, ina fata tarin ya sake ta.

Yau kwanana ashirin a kan ruwa. Kamar yadda na gaya miki, ubangidana Mushe ya gama aikinsa na izin, wato masana'antar siminti, a Malbaza, ya ce kafin su koma Faransa sai ya zaga da iyalinsa bakin Afirka a jirgin shaƙatawa. Ni aikina in riƙe musu ɗiyarsu Kolet har mu iso Kotonu a watan Yuni, inda ƙanenmu Hamani zai ɗauke ni a kamyonsa, babbar motar nan ta albasa. Alkawarin yana nan.

Yaya, wannan ba jirgi ba ne, gari ne. Hawa takwas gare shi. Mutanen ciki ba su da aikin fari balle na baƙi. Sau biyar ake kaɗa musu ƙararrawar cin abinci, in sun ƙoshi su tuɓe su kwanta a rana suna gasa kansu. Ga ruwa ko ta ina, amma sai da suka gina wani tafki a saman jirgin. Satin farko amai na sha har na yi wasiyya, yanzu kuwa na ware. Akwai wani tsohon kuku ɗan Sanagal da ke ajiye mini abin buɗe-baki.

Shekaranjiya muka tsallaka layin da suka ce ya raba duniya biyu. Na leƙa ruwa iya leƙawa, ban ga layi ba. Aka yi biki. Wani ƙato ya sa gemun igiya, wai shi ne sarkin ruwa, duk wanda bai taɓa tsallakawa ba a shafe shi da kumfa a tura shi tafki. Na ruga da Kolet a bayana, suka bi ni da bokiti. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ina cikin sauya zane sai na tuna tashar Konni. Kin ga yadda yarinyar ta riƙe mini zane, na ɓamɓare hannunta ban ko dube ta ba, na ce ku ɗauke ɗiyarku. Kika ce na yi daidai, haka uwa mai kunya ke yi wa ɗiyar fari a gaban mutane. To, nan Kolet sau ɗari nake kiran sunanta a wuni, in ta faɗi in ɗauke ta in sumbace ta kowa na gani. Waccan shekararta huɗu, ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Zalika

*

Kap, Afirka ta Kudu, 1 ga Yuni, 1988

Yaya Kubura,

Sallama da gaisuwa, da barka da sallah ko da ta wuce. Ina fata kun sha ruwa lafiya, an kuma samu ruwan shuka. Ina gaida Inna da Malam. Na san yarinyar ta sa atamfar da na bar mata, in dai telan bai ɓata ta ba.

Mu takwas muka yi Idi a bayan jirgi, kusa da tarin igiyoyi, kukun nan ya ja mu. Ya dafa shinkafa da kifi, muka ci a tire guda da hannu. Kaftin, wato shugaban jirgin, ya aiko mana da gato, wato kek ɗinsu mai zaƙi.

Ki zauna kafin ki ci gaba, na yi ɓarna.

Ran Lahadi aka yi wani biki da suke kira ranar uwaye. Aka ƙawata zauren cin abinci, masu kiɗa suka sa fararen kaya. Kaftin ya riƙa bi tebur tebur da abin magana a hannu, kowace mace ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta faɗi sunayensu, a tafa, ya ba ta jan fure. Wata tsohuwa ta lissafa tara tana kuka. Ina zaune da Kolet a cinya, ban zaci zai tsaya a kaina ba. Ya tsaya. Ido wajen ɗari uku a kaina. Yaya, ta yaya zan buɗe baki in ce ina da ɗiya, har in kama sunanta a cikin lasifika? Na sunkuyar da kai na ce babu. Ya shafa kan Kolet ya wuce da furensa.

Kin san tun a Malbaza, duk zuwan da kika yi da ita, ce wa Madam, matar Mushe, nake ɗiyar yayata ce. Ko ɗan yaye a Tsarnawa ya san abin da wannan magana ke nufi. Madam ba ta sani ba. Ta kama hannuna idonta cike da ƙwalla, ta ce tunda Allah ya ɗauki mijina Labbo, ba miji ba ɗa, me zan koma in yi? In bi su Faransa shekara biyu, za ta sa ni lakwal, makarantar ɗinki. Washegari Mushe ya kawo takarda, na sa hannu.

Kwana biyu ke nan da na sa hannun. Kada ki gaya wa Inna. Kafin Kotonu zan faɗa wa Madam gaskiya, in Allah ya yarda ki gan ni kafin a gama noman farko.

Taki,
Zalika

*

Dakar, 20 ga Yuni, 1988

Yayata Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Malam Sanusi da yara, da fatan damina ta yi kyau. Na san Hamani ya riga wannan takarda isowa, kun kuma ji abin da ya faɗa. Ba ƙarya ya yi muku ba, ni na yi masa.

Da safen da za mu shiga Kotonu na sami Madam na gaya mata. Sau uku ina yi mata bayanin kunyar ɗan fari ba ta gane ba. Da ta gane, sai ta zauna a bakin gado ta riƙe kai. Ta ce shekara uku ina goyon ɗiyarta, tawa tana zuwa gidan tana tsayawa a bakin ƙofa, ita ba ta sani ba. Ta ɗauko takardar ta yage a gabana. Da hannunta ta haɗa mini kaya, ta sa 'yar tsanar Kolet a sama, ta ce in tafi gida.

Na sauka. Hamani na tsaye a ƙofar tashar, ya rame, hularsa duk jar ƙasa. Ya ce ɗiyag ga ta ishe su, da ta ji kukan kamyo sai ta sheƙa bakin titi, a kamo ta a mayar. Ya ce in yi maza, kwana biyu ne a hanya, Inna ta sa an share mini ɗakina na da.

Ɗakin nan na gani, Yaya. Na ga turmi, na ga rijiya, na ga zaman zawarci da masu sallama da yamma. A bayana kuma masu kiɗa sun hau saman jirgi, an rataya tutoci, mutane na jefa zaren takarda masu launi. Sai na ji bakina na ce wa Hamani Anasara sun ɗaure ni da takarda, in ban bi su ba jandarma za su kama ni. Ya cire hula ya yi salati. Har ya ce zai shiga ya roƙe su, na hana. Na ba shi jakar da 'yar tsanar, na koma na hau jirgin. Madam kuma na ce mata dangi sun ce in bi su Faransa.

Ba wanda ya riƙe ni. Ranar uwaye na ce kunya ce, na kuwa yarda da kaina. A Kotonu babu lasifika, babu idon kowa, daga ni sai ƙanena. So nake in ga ƙasar nan, in koyi ɗinkin, in ƙara kwana inda ba a san ni da takaba ba. Ina jin daɗin jirgin nan, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Jiya aka yi wa Kolet bikin cika shekara huɗu, ni na riƙe ta ta hure kyandir, aka ɗauke mu hoto ina dariya.

Ki wanke Madam a wajen Inna, ba ta da laifi. Ki nema mini gafarar Hamani. Ban ce ki yafe mini ba, don ni ma ban yafe ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki hana ta zuwa bakin titi, manyan motoci ba sa tsayawa a Tsarnawa. In ta tambaya, kada ki ce mata an riƙe ni, kada ta girma tana jin haushin waɗanda ba su yi mata kome ba. Ki ce ni na haife ta, ni kuma na ƙi zuwa. In za ta yi fushi, ta san da wa take yi.

Ki gaishe mini da Shatu. Ki nuna mata wajen nan da yatsa, ki ce da hannuna na rubuta.

Ƙanwarki,
Zalika, uwar Shatu