Irin Doya a Ɗakin Jego

Gulal ɗana, ajiye abin da ke hannunka, ka nemo mai karanta maka wannan yanzu-yanzu, ba sai anjima ba. Malam Mileng na mishan ne ke rubuta mini, a bayan rumfar kwakwarsa. Ina gaishe ka. Yaya garin Madang, yaya dako a bakin jirgi? Ƙafar nan ta warke? Matarka Sulia ta sauka lafiya, namiji, yau kwana uku. Kada ka yi murna tukuna.

Ka san Dabus, ɗan wan babanka, da ya yi wa sojojin Amirka dako lokacin yaƙi. Ya ce ya gano asirin: shinkafa da gatura da naman gwangwani, duk matattunmu ne ke yi su aiko mana, Turawa su tare a hanya su sake suna a jikin akwati. Ya kafa doguwar gora a tsakar gari, ya ɗaura mata igiya, ya kifa ɓawon kwakwa a kunne kamar rediyon sojoji, wai marigayi babanka ke masa magana. Wai jirgi na tafe ran Juma'a, amma ba zai tsaya ba sai ya same mu hannu wofi. Aka yanka aladu kaf. Tukwane da irin shuka aka zuba a teku. Na ce, "Dabus, in jirgin ya makara, gorar za mu dafa?" Ya ce, "Inna, ke da ba ko haƙori, ina ruwanki da doya? Mijinki na kawo miki na ƙarfe." Kowa ya kwashe da dariya. Har ni.

Amma na ɓoye irin doya kwando biyu, jar nan ta kakarka. Na haƙa rami a ɗakin jego, tunda namiji ba ya shiga, na binne, na shimfiɗa tabarma. Ban zaci naƙuda za ta zo wa Sulia da wuri haka ba. A kan tabarmar take kwance.

Juma'a ta zo, muka jeru a rairayi da furanni a hannu har rana ta faɗi. Ko hayaƙi. Ta biyu ma haka. Yara sun koma cin ɗanyar gwanda. Sai Dabus ya ce babanka ya gaya masa jirgin na bayan tsibiri yana ta kewaya, wani ne ya riƙe abu. Suka bi gida-gida suna soka mashi a ƙasa. Tsoho Kubai wuƙa ɗaya tak aka samu a jinkarsa. Suka sa shi a kwalekwale ba filafili, suka tura. Ba mu ƙara ganinsa ba.

Ɗakin jego kaɗai ya rage. Jiya Dabus ya tsaya daga nesa ya ɗaga wa Sulia murya: "Baƙuwa, 'yar masu gina tukunya, sha romonki ki ƙoshi, kwana takwas ai ba shekara ba ce!" Ran da ta fito da jaririn za su shiga. Saura biyar. Ba halin in kwashe, matarsa na zaune a bakin ƙofa, wai taya jego take.

Sau biyu ina buɗe baki in ce ni ce, sai in tuna Kubai, harshena ya mutu.

Gulal, kai da ke sauke akwatunan nan, ka taɓa jin an karanta sunan babanka a jikin wani? In fa da gaske yana cikin jirgin? Shekara shida a ƙasa, ya zo har ƙofar gida, ni na hana shi sauka? Malam ya ce wannan ba zai rubuta ba. Rubuta, Malam.

Jirgin da ke ɗaukar kwakwa zai kawo maka takardar gobe. Kada ka je wurin Bature, 'yan sanda da bindiga za su zo, Dabus kuwa jininka ne. Kada kuma ka taho kai kaɗai.

Ka gaida abokan aikinka. Ni ce uwarka Nalon, ga yatsana na dangwala.

Tsaya, Malam, kar ka naɗe. Gulal, kafin kowa ka je wurin surukinka Tagog, yana da manyan kwalekwale biyu da 'ya'ya maza. Ka ce masa ni na binne, 'yarsa ba ta san abin da take kwance a kai ba. Tagog za ka fara gaya wa.