Ruwan da Kuka Sa Na Buɗe Ranar Talata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirye-shirye na gidan talabijin ɗin da ya yi shirin "Ruwa Ya Iso",

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne dattijon nan na wajen Kura da kuka nuna yana murɗa ƙofar kanal ɗin ban ruwa. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina aiko wasiƙa ofishinka, ko amsa babu.

Na ɗaya. A layinmu da kwana ake rabon ruwa. Talata ta mutanen ƙasa ce, masu gonaki a ƙarshen kanal ta wajen Bunkure. Shekara da shekaru makullin ƙofar yana hannuna, saboda na yi karatu, kuma ba a taɓa kama ni da son kai ba. Ranar Talata ma'aikatanka suka zo, suka ce busasshiyar gona ba ta kyau a hoto, in karkatar da ruwa zuwa tawa na ɗan lokaci. Na ƙi, na yi musu bayanin ƙa'idarmu. Daraktan ya rantse zai sa bayanin a shirin. Na buɗe. Wannan wautata ce, ban ɗora wa kowa ba.

Na biyu. Da shirin ya fito, babu muryata. An bar hannuna a kan ƙofa, mai gabatarwa yana zuba a kan ɓarayin ruwa. A bayana ana loda albasar maƙwabcina Malam Iro a mota, kuma kaf layinmu an san ranar Talata ya ɗebe ta. Ku a wajenku hoto ne ya yi kyau. Mu a wajenmu shaida ce.

Na uku. Na karanta abin da masu sharhi na birni suka rubuta, wai shirin ba armashi, daga ruwa sai tsofaffi, har wani ya ce barci ya kwashe shi. Saboda su kuka kashe shirin bayan sati huɗu. To, a nan babu wanda ya yi barci. Guntun hoton ya bi wayoyi har Garun Malam. A gaban mai unguwa aka karɓe makullin daga hannuna. Yanzu in na isa majalisa, sai a sake zance. Da na kira daraktan, ya ce in kwantar da hankalina, bayanina yana kashi na shida. Kashi na shida na shirin da ya mutu a na huɗu!

Ba na roƙon a dawo da shirin, makullin ma waɗanda suka karɓa su riƙe. Ku fito da bayanin nan nawa yadda na yi shi, ku nuna. In kun goge, daraktan ya zo masallacinmu ranar Juma'a, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa ni. Na haura saba'in, Ranka ya daɗe. Ba na so ranar da za a sallace ni, liman ya tambayi mutanen ƙasa ko sun yafe, su sunkuyar da kai.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare mutuncinka daga hannun masu gaggawa.

Wassalam.

Malam Datti Sale,
daga wajen Kura