Cikin da ya zauna a bakin mahaifa

Yaya Binta, sallama da gaisuwa. Ya gida, ya Malam da yara, ya ruwan Fatakwal?

Jinin nan da nake ta zubarwa ashe ba ɓari ba ne. A Kurfi Inna ta ce cikin ne ya kwanta, na yi ta shan jiƙo don ya tashi. A asibiti a Dutsin-Ma hoto ya nuna ya zauna a bakin mahaifa, ba zai rayu ba. Likita ta hana wankin ciki, ta ce jini zai ɓalle. An yi mini allurar busar da cikin, ana ta awon jinina. In allurar ba ta ci ba, sai tiyata. Ko na makara, ban sani ba. Na gaji, Yaya.

Ki gaishe da kowa. Ki roƙa mini Allah ya bar mini mahaifata.

Ƙanwarki, Rabi