Man shanun Baffa Juli

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina zaman baƙunta? Ya jikin Rabi da yara? Mu nan Urafane lafiya lau, in ban da Baba.

Ƙirjinshi ya sake riƙe shi a gona, muka kai shi Tasawa aka auna jini. Lokotoro, wato likita, ya ce kitsen jini iri biyu ne, akwai mai toshe jijiya, akwai mai share ta. Mai sharewar ba cin shi ake ba, jiki ke haɗa shi. Akwai kuma wasu ƙananan 'yan dako cikin jinin masu musayar kitse tsakaninsu. In maiƙo ya yi yawa, sai su yi ta kwashe kayan mai kyan suna ba mugun, har mai kyan ya ƙanƙance. Na Baba ya yi ƙasa ƙwarai. An hana shi man shanu.

To ka san Baffa Juli, amininshi na ruga. Duk ranar kasuwa sai ya kawo man shanu ƙwarya guda, ya zauna sun ci tuwo tare, yana zuba mishi da hannunshi. Na ce a gaya ma Baffa gaskiya, Baba ya daka mini tsawa, wai gara ƙirjin da a ce ya mayar da hannun amini.

Yaya, ni mace ce, ba ni iya tarar Baffa da wannan magana. Kai yana jin taka. Ka kira shi.

Ka gaida Rabi, ku sa Baba cikin addu'a. Kasuwa jibi ce, ƙwaryar kuma tana tafe.

Ƙanwarka,
Hadiza