Sunan Da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tumba, wadda ke kwance a maƙabartar Gwandu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ɗanki ne Umaru, wanda ba ki taɓa kira Umaru ba, sai Dogo, don ni ne na fari, ni ne kuma auta. Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyata Kulu ce riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Inna, ina nan da halin nan da kike cewa aikin marasa gona ne, bin asalin mutane. Ba a biyana, ban kuma nema ba. In na zauna wurin suna ko zaman makoki, sai na kama tsoho na tatse shi: wa ya haifi wane, daga ina suka taso, wa suka aura. Yanzu a unguwarmu ba gidan da ba zan jero miki kakanninsa ba. Gida ɗaya ne ya gagare ni, shi ne namu. In na ce Umaru ɗan Ali, sai na tsaya, don kakana duk Gwandu ba wanda ya san shi da wani suna sai Na-Kalgo. Abokan wasana kuwa sun samu abin yi, in na doso sai su ce ga mai asalin kowa ban da nashi.

Kin fi ni sanin yadda aka yi. Tsohon ya zo karatu shi kaɗai, ya zauna, ya haifi Baba, ya rasu ba da daɗewa ba bayan an kawo ki. Baba ya bi shi ina goye a bayanki. Ke kaɗai kika rage da kika taɓa jin sunansa na yanka, ke kuwa suruka ce, bakinki ba ya kama sunan uban miji.

Na tambaye ki ina saurayi, kika ci gaba da kaɗin audugarki kamar iska ce ta wuce. Na tambaye ki da furfura a gemuna, kika ce, "Dogo, bakina bai kai girman wannan suna ba." Na ce to ki raɗa wa wata ta faɗa mini, kika ce wannan ai faɗa ce ta bayan gida. A ciwonki na ƙarshe ma ban fasa ba. Kika buɗe ido kika ce in riƙa yi masa addu'a da Na-Kalgo, Allah ya san wanda nake nufi. Mutane na cewa ina da taurin kai. Ni na san inda na sha shi.

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, na sayar da ɗan akuya na hau mota ta Birnin Kebbi har Kalgo. Na bi rumfunan masu kifi ina tambayar wani mutum da ya tafi Gwandu tun zamanin da bai dawo ba. Suka yi mini dariya mai daɗi, ba ta raini ba, suka ba ni fura, suka ce in gangara Diggi wurin wata tsohuwa Ige, ita ce ba ta mantuwa. Na same ta a gindin rumbu, idanu sun tafi, kunne na nan. Ta ce waɗanda suka tafi Gwandu karatu ba su dawo ba sun fi gashin kanta yawa, in zo da suna. Na dawo gida da ƙurar hanya kawai.

Na so in haƙura. Sai jikanki Bello ya yi aure, matarsa Hajo ta samu ciki. A gaban mutane a zaure na rantse, in namiji ne sunan kakana zai ci. Bello ya bi ni har gona yana ba ni baki, wai in sassauta, tunda ba a raɗa wa jariri Na-Kalgo. Na ce na riga na faɗa. Ciki na girma, ni kuwa ba ni da ko harafin farko. Abinci ya daina yi mini daɗi, Inna. Ba kunyar zaure kaɗai ba. Na ga in na bi ki ban samo shi ba, mutumin nan ya mutu ke nan karo na biyu, kuma a hannuna.

Wata hantsi ina gyaran igiya a tsakar gida, na ji Hajo na son a kira mata mai kalanzir. Masu kalanzir biyu ne a layinmu. Ɗaya takan ce Sani kai tsaye. Ɗayan kuwa ta yi ta kewaye, wai na kan kwana, mai jan keke. Kulu na tsokanarta, wai wane ne haka, ba shi da suna? Hajo ta rufe fuska da gyale. Sunan mai kalanzir ɗin Umaru. Sunana ne take gudu.

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Na tuna masaƙan nan uku na ƙofar unguwa da kike kai wa zare. Labbo kike ce wa Labbo, har ki ce masa maƙetaci in ya raina miki aiki. Hassan ma haka. Na ukun kuwa, tun ina ƙarami har ya mutu, ba ki taɓa ce masa komai ba sai Na-bakin-rijiya. Mu duka mun ɗauka don nan yake kafa masaƙarsa ne. In ya yi miki magana sai ki karkata kai gefe, ke da ko mai unguwa ba kya sunkuyar wa. Na zauna na tace: ba sunan Baba ba ne, ba nawa ba, ba na mahaifinki Mamman ba. Suna ɗaya ne ya rage da za ki yi wa wannan kunyar, na surukinki. Masaƙin nan kuwa na san sunansa, na san na ubansa da na kakansa. Shekara da shekaru ina ɗauke da abin a kaina ina zuwa nemansa Kalgo.

Ban yarda da kaina ba sai da na koma Diggi. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa Ige na da rai. Na durƙusa na faɗa mata sunan. Sai ta lalubo fuskata da hannu biyu tana kuka. Ashe kakana ƙanin mahaifinta ne. Sun yi faɗa da wansa kan jirgin kamun kifi, ya rantse ba zai ƙara taka gulbi ba, ya kama hanya. Ta ce har mahaifinta ya rasu, duk fataken da suka fito daga Gwandu sai ya tare su ya tambaye su ƙaninsa da sunansa na yanka, su ce ba su san mai wannan suna ba. Can suna nema da suna, mu nan muna nema da laƙabi. Ta ce in daina ce mata tsohuwa, Goggo ce. Ta kuma ce rantsuwar banza gadon gidansu ce, kada in yi mamakin kaina.

Hajo ta sauka lafiya, namiji. Mutanen Diggi sun zo wurin suna da busasshen kifi cike da kwando, maza masu irin goshina. Da liman ya faɗi sunan a zaure, ɗaya daga abokan wasana ya share ido ya ce hayaƙi ne.

Mata har sun fara sakaya shi, wai Na-Diggi. Ban hana su ba, kunyarsu ce, irin taki. Amma kullum da safe ina ɗaukarsa in fita ƙofar gida in kira shi da sunan da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Ba za a sake ɓatar da shi ba ina numfashi.

Yanzu Kulu ta ɗaga kai ta ce, Baba, har yanzu ba mu rubuta sunan ba. Na ce ba za a rubuta ba. Takardar nan wurinki za ta, kuma ba ni zan sa miki shi a gaba ki rasa inda za ki kai idonki ba. Kin riƙe shi tsawon rai ba ki faɗa ba, ba ki kuma yar ba. Kin ajiye mini shi a bakin rijiya har na iso.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki. Ya jiƙan Baba, ya jiƙan surukinki da wansa, ya sulhunta su a inda suke. Ya raya jaririn nan, ya ba shi kunyarki, ya rage masa taurin kanmu ko da kaɗan ne. Amin.

Naki har mu sadu,
Dogo.