Sunan Inna

Garwa, Talata

Zuwa ga 'yata Mairamu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Tunda har yau waya ba ta shiga Mora, na ba direba wannan takarda.

Raina a ɓace yake. Ran Juma'a za a yi sunan 'yar yayanki Ilyasu a Beljiyam, ya ce zai nuna mini ita ta bidiyo, ni kuwa akwatin wifi ɗin da kika kafa ya ƙi ni. Na sake waya, yanzu sai kalmar sirri yake nema. Kin ce sunan marigayiya Innarku ne. Na rubuta Kaltume ya fi sau ashirin, da manyan baƙaƙe da ƙanana, wai ba daidai ba.

Maƙwabcinmu Malam Jérémie ya cire wuta ya mayar, ya kai akwatin bakin taga, ya sa na sayi sabon forfe, wato kuɗin intanet, alhali tsohon bai ƙare ba. Fitilu duk kore. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko na tabbata da sunan. Ni! Shekara talatin da huɗu muna tare da matar nan, sai roba mai ƙaho biyu ce za ta ƙaryata ni?

Ki ba direba amsa kafin Juma'a. Allah ya tsare ki.

Babanki,
Sale Mai Goro

Garwa, Asabar

Mairamu,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso jiya da hantsi.

Wai Kaltouma, kamar yadda yake a katinta na ɗan ƙasa! Wannan ai aikin wani akawu ne da bai taɓa shan ko ruwan gidanmu ba. Ke da kika sha nononta kika bi akawu? Kin ba ni kunya.

Na dai rubuta hakan, raina bai so ba, nan take ya buɗe. Na ga jaririya, goshin Innarku sak, kuma sunanta aka sa mata. Na yi kuka gaban Jérémie. Na gargaɗi Ilyasu ya tsaya a kan akawunsu har ya rubuta Kaltume.

Saura ƙara ɗaya. Wayar ta riƙe kalmar, ta daina tambaya. In kin zo ki gyara sunan, kuma ki sa ta riƙa tambayata kullum. Tun rasuwar Innarku ba wanda ya tambaye ni sunanta sai akwatin nan.

Ki kula da kanki.

Babanki,
Sale Mai Goro