Littafin da ke Cikin Kabad

Litinin, 16 ga Janairu 1984

Na je ofishin ilimi a Isa, karo na huɗu. Littattafan sabuwar manhaja ba su iso ba. Magatakarda bai ko ɗago kai ba: "Malam, suna bisa hanya." Shekara biyu suna bisa hanya. Ko jaki aka ɗora wa su daga Sakkwato da tuni ya iso ya huta.

Jarrabawar shiga sakandare watan Mayu ce, kuma da sabon lissafi za a yi ta, na mita da kilo da lita. Littafin da ke hannun 'yan ajina na shida yadi da mil da galan yake koyarwa. Sabon guda ɗaya muke da shi, na gwaji, yana kulle a kabad. Takardar ofis ta ce kada a yi aiki da shi sai sauran sun zo. Mabuɗin yana aljihuna.

Alhamis, 26 ga Janairu

Yara goma sha ɗaya yau, daga talatin da biyu. Sauran sun bi iyayensu cin rani.

Talata, 7 ga Fabrairu

Labbo, baban Zulaihatu, ya same ni bakin rijiya. Shanunsa bakwai sun mutu. Zai kora sauran kudu kafin azumi. Ya ce, "Malam, in ɗiyar ga ta ci jarrabawa, makarantar kwana tana ba ta tuwo, in bar ta. In ba ta ci ba, ta bi shanu. Kai ka san wanne na." Na ce za ni yi ƙoƙari. Ya ce, "Ƙoƙari munka yi da gero bara."

Ita ce ta ɗaya a ajina tun aji huɗu. Ta ɗaya a yadi da galan.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Na rubuta wa ofis wasiƙa ta biyar, na ajiye kwafi. Na buɗe kabad, na duba littafin, na mayar. Ni kaina rabin abin da ke ciki ban iya ba. A sakandare ba haka aka koya mana ba. Wataƙila shi ya sa nake son takardar nan tasu. Ban sani ba.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Mai duba makarantu ya zo ranar Alhamis da babur. Ya tambayi Zulaihatu santimita nawa ne cikin mita. Ta dube ni. Ya rubuta a littafin baƙi cewa malami bai bin sabuwar manhaja. Na ce da wane littafi? Ya ce wannan ba sashensa ba ne. Ya sha ruwan randarmu kofi biyu, ruwan da yara suka ɗauko tun daga fadama, ya tafi.

Kwana biyu abin yana raina. Ba shi kaɗai nake jin haushi ba.

Lahadi, 4 ga Maris

Na yi ta faɗa a gida har matata Hajo ta gaji. Tana tankaɗe garin rogo ta ce, "Malam, mi ag ga littafi ɗaya? Baba da littafi ɗaya ya karantar da garinmu duka." Gaskiya ne. Littattafan mahaifinta ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke cikin gafaka. Kowa ya ɗauki warƙa ya kwafe, ya maido, ya ɗauki ta gaba. Na ce wannan na gwamnati ne, akwai hatimi. Ta ce, "To gwamnati ta zo ta karanta abinta."

Ban ci tuwon kirki ba.

Juma'a, 9 ga Maris

Babu amsa daga ofis. Saura wata biyu. Labbo ya sayar da akuyoyi, ya fara gyaran igiyoyi.

Litinin, 12 ga Maris

Yara tara. Mun yi awon tsawon aji da igiyar guga, mita takwas da rabi. Zulaihatu ce ta riƙe alli. Ta tafi gida da shafi na 1 zuwa 16 na sabon littafin, Khadijatu da 17 zuwa 32, sauran haka. Laraba za su yi musaya. Na rubuta sunan kowa da shafinsa, kada ɗaya ya ɓace. Babin lita na riƙe wa kaina, sai na iya shi tukuna.

Zaren ɗinkin ba shi da ƙwari, reza ɗaya ta isa. Bangon na mayar kabad na kulle, hatimin yana nan lafiya.

Wasiƙa ta shida ban rubuta ba. Babu lokaci.